Hayaƙi suke gani, ba sa ganin ƙafar direba

Duk wanda ya taɓa kallon tseren motoci na miƙaƙƙiyar hanya, irin wanda motoci biyu ke jerawa kafaɗa da kafaɗa su cilla a guje na 'yan daƙiƙu, ya san abin da ke zuwa kafin a sake su. Mota za ta gangaro a hankali ta bi ta wani ɗan wuri da aka jiƙa da ruwa, direba ya taka totur, tayoyin baya su kama juyawa suna kururuwa, farin hayaƙi ya turnuƙe har motar ta ɓace a cikinsa. 'Yan kallo su miƙe tsaye, masu ɗaukar hoto su yi ta ƙyasta kyamara. Wannan shi ne ƙona taya, kuma shi ne ɓangaren tseren da ya fi yawo a wayoyin mutane. Ina son wasan nan ƙwarai, shi ya sa raina ke ɓaci in na ga yadda aka tsame wannan ɗan ɓangare daga inda yake da ma'ana, aka kai shi mararrabar tituna da tsakar dare, inda ba ya haifar da komai sai asara da makoki.

Ra'ayina shi ne, ƙona taya aiki ne na kamun kai. Gwanintar direba a wurin tana ga sanin lokacin da zai ɗaga ƙafa daga kan totur. Wanda ke kwaikwayonsa a titi ya ɗauki hayaƙin ya bar aikin, kallon kitse yake wa rogo.

Sai an san dalilin yin abin kafin a gane haka. Tayoyin baya na motar tsere ba su da zane ko kaɗan, sumul suke, robarsu kuma mai laushi ce. Idan da sanyi a jikinsu ba sa kama ƙasa yadda ake so, in sun ɗau zafi sai su yi danƙo su manne. Ban da haka, a hanyar zuwa bakin layi tayar ta kwaso tsakuwa da ƙura da duk wani datti da ta taka, juyawar nan ita ke karkaɗe su. Abu na uku, wanda ɗan kallo bai cika lura da shi ba, motar tana shimfiɗa sabuwar roba a ƙasa, layi biyu baƙi ƙirin, kuma a kansu za ta dawo ta tsaya don tashi. Ruwan da aka zuba amfaninsa kawai ya sa tayar ta fara juyawa cikin sauƙi ba tare da an wahalar da giya da ƙarafan da ke kai ƙarfi ga taya ba. A da bilic, ruwan wankin nan mai sa tufafi fari, ake zubawa a wurin. An kuma yi zamanin da ake amfani da wani sinadarin danƙo mai kama wuta, har harshen wuta ya riƙa tashi a bayan mota, jama'a na tafi. Hukumar NHRA, wadda ke kula da wannan tsere a Amurka, ta hana, ta ce ruwa kaɗai. Masu wasan da kansu suka zaɓi lafiya a kan burgewa, kuma wasan bai mutu ba.

To, ga abin da direban da ya san aikinsa yake yi a cikin waɗannan 'yan daƙiƙu. Ba ya tsayawa a tsakiyar ruwa ya yi ta juya taya, domin tayar za ta watsa ruwa sama cikin rufin da ke kanta, daga baya ruwan ya riƙa ɗiga a kan tayar daidai lokacin da ake buƙatar ta bushe. Yakan jiƙa tayar, ya matsa zuwa bakin ruwan, sannan ya fara. A motocin da ƙarfinsu ke baya akwai wata na'ura mai riƙe birkin gaba kaɗai: direba ya taka birki, ya danna maɓalli, ya ɗage ƙafa, tayoyin gaba su ƙame, na baya su samu 'yanci. Mai motar da ƙarfinta ke gaba kuwa birkin hannu yake ja. Da tayar ta fara juyawa ba ya daɗewa a giyar farko, yakan haura sama don tayar ta yi sauri ba tare da injin ya yi ta ihu a banza ba. Idonsa na kan allurar juyin inji, kunnensa na kan sautin taya. Da ya ga hayaƙi ya fara fita yadda ya saba, sai ya saki maɓallin, motar ta silalo gaba, ya sassauta totur a hankali kafin tayar ta cafki busasshiyar ƙasa da ƙarfi. In ya bari ta cafka yana kan totur, girgizar na iya karya masa wani abu a ƙarƙashin mota tun tsere bai soma ba.

Nan ne maganar ɗaga ƙafa ta shigo. Robar taya tana da iyakar zafin da take so. In aka wuce, man da ke cikinta ya fito fili, tayar ta yi santsi kamar an shafa mata mai, kamun da aka wahala dominsa ya tafi. Wato hayaƙin da ya wuce kima rage wa mota gudu yake yi. Irin tayar ma na da nata hukunci: akwai tayoyin tsere masu taurin gefe, waɗanda ɗan gajeren ƙonawa ya ishe su. Zafin kwalta shi ma yana canja lissafi, shi ya sa za ka ga makanikai sun durƙusa suna auna zafin ƙasa da na taya da na'urar hannu. Ranar da rana ta buɗe sosai a taƙaita, ranar sanyi a ɗan ƙara. A rukunin 'yan sha'awa, inda direba ke rubuta lokacin da yake sa ran motarsa za ta yi a jikin gilashi, kuma in ya fi wannan lokacin sauri ya faɗi, abin da ake nema shi ne maimaita abu ɗaya sak a kowane zagaye. Direban da ke ƙona taya daƙiƙa uku yanzu, daƙiƙa bakwai anjima, ba zai taɓa sanin halin motarsa ba. Tsofaffin hannu har ƙirga suke yi a zuci.

A manyan rukunai, Top Fuel da Funny Car, abin ya fi haka tsanani. Injin waɗannan motoci yana ba da ƙarfin doki wajen 11,000, yana shan wani mai da ake kira naitiromitan, kuma suna cinye ƙafa 1,000, wato kimanin mita 305, a ƙasa da daƙiƙa huɗu, da gudun da ya haura mil 330 a awa. Injin ba shi da lagireto, ba ruwan sanyaya shi, man da yake sha ne ke rage masa zafi. Kowace daƙiƙa da direba ya ƙara a wurin ƙona taya zafi ne ya ƙara wa inji da kuloci, mai ne kuma ya ƙone, nauyin gaban mota ya ragu, alhali shugaban makanikai ya riga ya yi lissafinsa a kan wani nauyi da wani zafi. Don haka ake sa wa totur ɗin wani abin tokarewa lokacin ƙona taya, don kada ya buɗe gaba ɗaya, sai an dawo baya a cire. Dawowar ma aiki ce. Direba ba ya ganin bayansa, wani daga cikin ma'aikatansa ne ke tsayawa a gaba yana yi masa nuni da hannu, dama kaɗan, hagu kaɗan, har tayoyin su hau daidai kan layukan robar da ya shimfiɗa. Tayoyin nan iskar cikinsu kusan kashi ɗaya cikin huɗu ce ta wadda ake sa wa motar gida, gefensu yana yamutsewa lokacin tashi, suna kuma ƙara tsawo idan gudu ya kankama. Kuskuren tafin hannu ɗaya a wurin tsayawa na iya sa tayar ta sulluɓe, tseren ya tafi.

Abin da ya fi burge ni ma shi ne ladabin wurin, domin ya nuna direba ba shi kaɗai ba ne a fili. Ba ka fara ƙona taya sai jami'in layi ya ba ka hannu. Kana lura da abokin karawarka, ku fara kusan tare, don kada tayarsa ta huce ko injinsa ya yi zafi yana jiranka. Ba a yarda wani ya riƙe mota ko ya dafa ta tana ƙona taya ba. In ka ji wani abu ya fashe, ko ka ga mai na zuba, sai ka kauce gefe ka tsaya nan take, domin ɗigon mai a kan layi rayuwar wanda ke bayanka ce. A wajen sandar fitilun tashi, wadda suke kira bishiyar Kirsimeti, wadda fitilunta biyu na sama ke kamawa ɗaya bayan ɗaya yayin da mota ke matsowa bakin layi, al'adar mutunci ita ce ka kunna fitilar farko ka jira ɗan'uwanka ya kunna tasa kafin ka shiga ta biyu. Ana samun masu jan ƙafa da gangan don su dagula wa abokin karawa lissafi, kuma ni ban taɓa ganin wannan a matsayin wayo abin yabo ba, ko da doka ta ba da ɗan sarari.

Yanzu a ɗauki duk wannan a ajiye gefe, a dubi abin da ke faruwa a mararrabar titi. A Okland ta jihar Kalifoniya aka san wannan ɗabi'a tun shekarun 1980, daga baya ta bazu zuwa birane da yawa, wayar hannu kuma ta ƙara mata fiffike. Matasa su tare mahaɗar hanya, mota ta shiga tsakiya tana ƙona taya tana juyi, jama'a sun kewaye ta da jikinsu, wasu har suna matsowa don hoton ya fito da kyau. Babu katangar kankare tsakanin mota da mutum. Babu wanda ya duba motar. Babu motar kashe gobara, babu motar asibiti, babu jami'in da zai ɗaga hannu ya ce tsaya. Tayar kuma ta titi ce mai zane, wadda zafin nan ba ya ƙara mata komai sai lalacewa, kuma da ita za a koma gida a guje, wataƙila cikin ruwan sama. Mafi muni, a filin tsere mota tana fuskantar hanya miƙaƙƙiya wadda ba kowa a kanta, in tayar ta cafki ƙasa ba zato sai ta yi gaba inda babu mutum. A mararraba duk inda ta cilla mutum ne a wurin. Mai jinya da ke son barci a gidan da ke kusa, da motar asibitin da aka tare wa hanya, ba wanda ya nemi izininsu.

Saboda haka ina goyon bayan hukunci mai tsanani a kan wannan, har da ƙwace mota, kamar yadda jihohin Ostireliya suka daɗe suna yi wa masu tuƙin ganganci. Ban ga zalunci a ciki ba. Wanda ya mayar da hanyar jama'a filin wasansa ya ɗauki rayukan da ba nasa ba ya sa a caca.

Sai dai in na tsaya a nan ban yi adalci ba, domin tarihin wasan kansa yana da abin da zai gaya wa hukumomi. Tseren nan a titi aka haife shi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu matasan Kalifoniya da suka iya gyaran inji suna tsere a hanyoyi da busassun tafkuna, jama'a na kallonsu a matsayin 'yan ta'adi. Wally Parks, wanda ke editan mujallar Hot Rod, ya kafa NHRA a 1951 da niyyar kwashe su daga titi zuwa fili mai doka da alƙali da agogo. Dabarar ta yi aiki domin ta ba matashi abin da titi ba zai ba shi ba: takardar da ke nuna lokacinsa daidai, wadda ba mai musu a kanta. A Ingila ma filin Santa Pod, da aka buɗe a 1966, tsohon filin jiragen yaƙi ne aka mayar wurin tsere. Kuma wasan ya riƙa gyara kansa bayan kowane rashi. Direban tsere Don Garlits ya rasa wani ɓangare na ƙafarsa a 1970 lokacin da giyar motarsa ta tarwatse a gabansa, ya dawo da mota mai inji a bayan direba, sauran suka bi. Bayan rasuwar direba Scott Kalitta a hatsarin tsere a filin Englishtown na jihar New Jersey a 2008 aka rage tazarar manyan motoci daga ƙafa 1,320 zuwa 1,000. Titi ba ya koyon darasi irin wannan, domin ba wanda ke da alhakin koya.

Abin takaicin shi ne filayen suna rufewa. Englishtown ɗin nan ya daina tseren a 2018, aka mayar da wurin ma'ajiyar motocin gwanjo. Filin Atlanta ya rufe a 2021. Bandimere na jihar Kolorado, wanda ya yi shekara 65 yana aiki, ya rufe ƙofarsa a 2023 bayan gidaje sun matso sun kewaye shi. Dalilan kusan iri ɗaya ne ko'ina: ƙasa ta yi daraja, sababbin maƙwabta na kukan ƙara, kuɗin inshora ya hau. Ina jin kukan maƙwabtan, ƙarar injin nan ba wasa ba ce. Amma majalisar birnin da ta ba da izinin gina gidaje a jikin katangar fili, ta zuba ido fili ya mutu, sannan ta dawo tana neman ƙarin 'yan sanda don korar matasa daga mararraba, ita ma tana da hannu a matsalar. Ba na cewa duk mai tare titi zai koma fili in an buɗe masa. Wasu abin da suke so shi ne karya dokar kanta da idon jama'a, waɗannan sai hukunci. Amma akwai masu yawa da motar suke so da gaske, kuma su ne ake iya ceto da daren gwaji na mako-mako, inda kowa zai zo da motarsa a duba ta, ya sa hular kwano, ya gwada kansa.

Masu ƙera motoci su ma ba zan ƙyale su ba. Tun samfurin 2015 kamfanin Ford ya sa wa motarsa Mustang na'urar riƙe birkin gaba daga masana'anta, Dodge ma ya sa a Challenger. Suna rubutawa cewa don fili aka yi ta, na yarda, amma hoton da ake tallar irin waɗannan motoci da shi hayaƙi ne, gargaɗin kuma ƙananan haruffa ne a ƙasa. Kamfanin da ya sayar wa matashi maɓallin ƙona taya ya kamata ya sa kuɗinsa a raya wuraren da za a danna maɓallin lafiya, ya kuma haɗa mai sayen da horo na yini ɗaya a fili. Wannan ba zai girgiza ribarsu ba.

Akwai wanda zai ce mini ai ƙwararrun ma suna yin hayaƙi don burgewa. Gaskiya ne. John Force, wanda ya ci kambun Funny Car sau 16, an san shi da doguwar ƙona taya da ke tayar da 'yan kallo tsaye, kuma kafin shi Jungle Jim Liberman ya yi suna da irin wannan a shekarun 1970. A Kanbera ta Ostireliya, bikin motoci na Summernats ya mayar da ƙona taya gasa mai zaman kanta, ana ba da maki a kan yawan hayaƙi da sarrafa mota har tayar ta fashe. Ban ƙi wannan ba, nishaɗi halal ne ga mai so. Amma a duba inda ake yin sa: wuri ne da aka kewaye da kankare, 'yan kallo na bayan shinge, masu kashe gobara na tsaye da kayansu, kowa da ke wurin da ƙafarsa ya zo ya sayi tikiti. Force kuma da ya gama hayaƙinsa sai ya bi hannun ma'aikacinsa ya dawo kan layinsa, domin aikin da ya kawo shi yana gaba. Duk da haka ina ganin masu watsa wasan a talabijin da intanet sun gaza a wuri ɗaya. Suna nuna hayaƙin sau goma, ba sa ɗaukar minti ɗaya su nuna ƙafar direba, ko makanikin da ke auna zafin taya, ko jami'in da ke tsayar da komai don goge ɗigon mai. Yaron da ke kallo a waya abin da aka nuna masa shi zai ɗauka shi ne wasan.

Akwai kuma maganar hayaƙin kansa, wadda masoya wasan ba sa son a taɓo. Roba ce da mai ke tashi a iska, mutane na shaƙa, ragowar kuma ruwan sama ya wanke ta zuwa magudana. A 2020 masu bincike a Jami'ar Washinton suka gano cewa wani sinadari da ke fita daga ɓarɓashin taya shi ke kashe wani nau'in kifin salmon a rafukan yankinsu. Yawancin wannan ɓarɓashi daga zirga-zirgar yau da kullum yake fitowa, filin tsere ɗigo ne a ciki, amma ya isa ya tuna wa direba cewa daƙiƙar da ya ƙara ba tare da buƙata ba akwai mai biyan kuɗinta.

In sabon shiga ya je daren gwaji da motarsa ta gida mai tayar titi, abu na farko da jami'in layi zai nuna masa shi ne ya kewaye wurin ruwan, kada ya shiga. Zanen tayarsa zai ɗebi ruwa ya kai bakin layi, ya jiƙa wa kansa da duk wanda ke biye da shi wurin tashi. Abin da ake so daga gare shi bai wuce ya ɗan juya tayar sau ɗaya ko biyu don ta karkaɗe tsakuwa ba, ya matso a hankali har fitilar farko ta kama, ya jira na kusa da shi. Da yawa sukan ji kamar an rage musu daɗin abin, sai sun karɓi 'yar takardar lokacinsu a ƙarshen fili, sun ga daƙiƙa nawa suka yi a ƙafa 60 na farko, sannan su koma layi suna tambayar na gabansu nawa yake sa wa tayarsa iska.